Dokin da Auta Ya Ɗaga

Akwai wani malamin lissafi a wata makarantar sakandare, saurayi mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda kowa ke kira Auta, har da ɗalibansa in ya juya baya. Shi ne ɗan ƙarshe a ɗakinsu, sunan kuma ya bi shi har ya yi gemu.

Auta gwani ne a wasan ces. Ga wanda bai san shi ba, wasa ne na mutum biyu a kan allo mai gida sittin da huɗu. Kowa da rundunarsa: sarki da sarauniya, dawakai biyu, giwaye biyu, hasumiya biyu a kusurwa, sai ƙananan sojoji takwas a gaba. Wanda ya ritsa sarkin abokin karawarsa, shi ya ci.

Wanda ya koya masa wasan kawunsa ne, yayan mahaifiyarsa, dattijo mai gyaran agogo. Shagon Kawu ɗan tsukuku ne a jikin shagon aski. Teburi ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, ƙananan sukuddireba a jere kan farin tsumma, da madubin ido ɗaya da yake maƙalawa in zai leƙa cikin agogo. A bango agoguna sun fi ashirin, kowanne da ra'ayinsa game da lokaci. Allon ces kuwa yana ƙarƙashin teburi, kullum da wasan da ba a gama ba a kansa.

Kafin Kawu ya nuna masa yadda doki ke tsalle, sai da ya fara koya masa doka ɗaya.

"Abin da ka taɓa, shi za ka motsa. In gyara masa zama kawai za ka yi, ka ce 'gyara' tun hannunka bai kai ba. Bayan ka taɓa, bakin alƙalami ya bushe."

Shekara ashirin suna wasa a shagon nan duk Asabar. In mai agogo ya shigo, Kawu kan tashi ya bar allon yadda yake, ya je ya saurare shi, ko waiwaye ba ya yi.

To, su 'yan ces suna da abin da suke kira buɗi, wato motsin farko-farko da mutum ke jera rundunarsa da su. Buɗi iri-iri ne, an rubuta littattafai a kansu, matasa kuma haddace su suke yi kamar karatu. Shi Kawu buɗinsa ɗaya ne tak in fararen 'ya'yan wasa suka faɗo masa. Sojoji taku ɗai-ɗai, giwayen nan biyu ya lallaɓa su lungu su laɓe, dawakai su tsaya a bayan sojoji. Sai ya naɗe hannu yana jiranka.

'Yan ƙungiyarsu ta ces suka sa masa suna Buɗin Kunkuru.

"Kawu, wannan buɗin naka ai sai mutum ya je ya yi aski ya dawo ba ka fito daga gida ba," in ji Mai Aski, maƙwabcin shagonsa, wanda shi ma ɗan ƙungiyar ne, ga surutu kamar rediyo, ga shan kaye kamar an yi masa baki.

"Sannu ba ta hana zuwa," Kawu zai ce. "Kai da kake fitowa da gudu, sau nawa ka isa?"

Sau ɗaya a shekara ƙungiyar ke yin gasa a zauren sama na ɗakin karatu. Ba wata babbar gasa ba ce. Mutum talatin da 'yan kai: direbobi, malaman asibiti, ɗalibai, masu shaguna. Kyautar ma wani ɗan kofi ne da ake zana sunan gwanin shekara a gindinsa. Amma in ka ga yadda suke ɗaukar abin, sai ka rantse sarauta ake nema.

Kawu ya zo na biyu har sau huɗu. Bai taɓa ɗaga kofin ba.

A shekarar da nake ba ku labari, Kawu ya shiga gasar ne wata takwas bayan an yi masa aikin yanar ido. Likita ya ce aiki ya yi kyau, amma ya ja masa kunne: in ya fara ganin abu bibbiyu, ko inuwa tana gilmawa inda babu kowa, ya dawo da sauri. Kawu bai cika yin maganar ba, sai dai kowa ya lura yakan rufe ido ɗaya ya gwada ɗayan a kan agogon bango.

Duk da haka ya ci wasanninsa huɗu a jere. Auta ma ya ci huɗu. Zagayen ƙarshe ya haɗa kawu da ɗan ƙanwarsa a teburi na ɗaya, Kawu da fari, Auta da baƙi.

Auta ya daɗe da hango haka. Sati uku ya yi yana ɗora Buɗin Kunkuru a kwamfuta, har ya samo hanyar fasa shi. Motsi ashirin ya haddace, ɗaya bayan ɗaya.

"Yau zan fasa ƙoƙon kunkurun nan," ya ce wa Mai Aski a kan matakala. "Zamanin wasa da hasashe ya wuce. Yanzu lissafi ne."

"A dai yi a hankali, malam," in ji Mai Aski. "Tsohon nan ya ci iyayenka a wasa, balle kai."

Ƙarfe biyu na rana alƙalin gasa, wani tsohon ma'aikacin gidan waya da kowa ke ce wa Alƙali, ya ce a fara. Zauren ya yi tsit, sai ƙarar fanka da ƙas-ƙas ɗin agogunan wasa. Agogo ne mai fuska biyu, in ka yi motsinka ka danna naka ya tsaya, na abokin karawarka ya kama tafiya. Duk Kawu ne ke gyara su kyauta.

Kawu ya fara lallaɓawarsa. Auta kuwa ko tunani ba ya yi. Kawu na sauke hannu, shi ya motsa ya danna agogo. Ɗaya, biyu, biyar, takwas. Komai na tafiya yadda kwamfuta ta faɗa, har yana ɗan kaɗa ƙafa.

Abin da ya haddace shi ne: a motsi na tara, ya tura sojan tsakiya ya toshe hanyar giwar Kawu da ke laɓe a lungu. A na goma, sai doki ya yi tsalle ya shiga cikin gida.

Amma hannun mai hadda yakan riga kansa. Auta na ta hango daɗin motsi na goma, sai kawai ya ji doki a tsakanin yatsunsa. Ya ɗaga shi, ya raba shi da allo kamar faɗin yatsa.

Nan take ya farga. Bai tura sojan ba. Dokin nan shi kaɗai ne ke tsaye tsakanin giwar Kawu da hasumiyarsa ta kusurwa. Duk inda ya kai shi, hasumiya ta tafi a banza. A hannun mutum irin Kawu kuwa, wanda ya rasa hasumiya tun a motsi na tara, gara ya miƙa hannu ya tafi gida.

Ya dire dokin a inda ya ɗauke shi. Ya ce a hankali, yadda shi kaɗai zai ji, "Gyara."

Sannan ya tura sojan, ya danna agogo.

Kawu ya ɗago kai. "Auta, ai doki ka ɗaga."

Auta ya saci kallon zauren. Kowa ya duƙufa a kan allonsa. Alƙali na can ƙarshen zaure yana raba gardamar wasu a kan agogo. Ba wanda ya gani.

"A'a, Kawu. Ban taɓa shi ba. Hannuna ne ya wuce ta kansa."

Kawu ya tsayar da agogo ya ɗaga hannu, kamar yadda doka ta ce. Alƙali ya zo yana jan ƙafa. Kawu ya faɗi abin da ya gani, babu hayaniya.

"Malam, ka ɗaga dokin?" Alƙali ya tambaya.

"Ban ɗaga ba."

"Akwai wanda ya gani?"

Mutanen teburan kusa suka girgiza kai.

Da Auta ya tsaya a nan, da laifin ya zo da ɗan sauƙi. Amma ƙarya ba ta son zama ita kaɗai, sai ta kira ƙawarta. Ya ji bakinsa na cewa:

"Wataƙila hasken tagar nan ne. Kun san Kawu bai daɗe da aikin ido ba."

Kawu ya daɗe yana kallonsa. Sai ya cire tabarau, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya dubi allon. Ya sauya, ya rufe ɗayan. Sannan ya mayar da tabarau.

"Alƙali, a ci gaba," ya ce. Ya juyo wajen Auta, a gaban duk wanda ke saurare. "Ka yafe mini, ɗana. Na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba."

Auta ya ce, "Ba komai, Kawu."

Daga nan wasan Kawu ya rikice. Kafin kowane motsi sai ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa allo, yana tabbatar da inda kowane ɗa yake. Lokacinsa ya yi ta zuba. A motsi na talatin da ɗaya ya kwantar da sarkinsa alamar ya sallama, ya miƙa hannu.

Aka tafa. Aka miƙa wa Auta kofi, aka yi hotuna. Kawu ne ya fi kowa tafi.

Auta ya kai kofin gida ya ɗora a kan kabad. Washegari ya juya shi ya fuskanci bango. Rana ta uku ya sa shi a ciki ya rufe.

Ya riƙa lallashin kansa. Ai wasa ne kawai. Ai da ma motsin sojan ne a ransa, hannu ne ya yi kuskure. Ai ko babu wannan, da ya ci. Amma duk lokacin da ya kama ɗalibi na leƙen takardar wani a aji, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya kau da kai ya wuce.

Asabar ta zo, ya aika wa Kawu saƙo cewa yana da makin jarrabawa. Asabar ta biyu ya ce mura.

Ana cikin sati na uku ya biya gaishe da mahaifiyarsa bayan an tashi daga makaranta. Ya same ta tana ninke wanki.

"Auta, ka ji Yaya zai rufe shago ƙarshen watan nan?"

"Rufe shago? Saboda me, Umma?"

"Wai idonsa. Ya ce ya fara ganin abin da babu. Na raka shi wajen likita, an duba an sake dubawa, likita ya ce lafiya ƙalau. Ka san taurin kan kawunka. Ya ce likita ba ya wurin ranar da abin ya faru."

"Wane abu?"

"Oho, wai a wajen wasanku ne. Ya ce ƙiri-ƙiri ya ga ka ɗaga wani abu, alhali ba ka ɗaga ba. Na ce masa to ko yaron ne ya manta? Ya ce in daina. Wai kai da kana ɗan shekara tara ka fasa gilashin agogon wani, ba wanda ya gan ka, ka zo da kanka kana kuka ka faɗa. Ya ce tsakanin idonsa da bakinka, ya fi yarda da bakinka."

Ta ɗora riga a kan 'yar'uwarta, ta yi ajiyar zuciya.

"Ni da nake ta fama ya huta, yanzu kuma tausayi yake ba ni. Shekara arba'in a shagon nan. Ko jarida ya daina karantawa. Jiya na ga yana lalube bango zai sauka daga matakala, mutumin da ke zura zare a allura. Kai lafiya? Ka yi wani iri."

"Lafiya lau, Umma."

Bai iya cin abincin da ta zuba masa ba.

Ranar Asabar da hantsi ya nufi shagon. Tun daga nesa ya ga bambanci. Bangon da ke cike da agoguna ya kusa zama fili, sai ƙusoshi da zagayen inuwar inda kowanne ya zauna. Wata mata na tsaye a bakin ƙofa da agogon hannu a tafinta.

"Baba, na mahaifina ne, marigayi. Ni ban yarda kowa ya buɗe shi ba sai kai. Zan jira ko wata nawa ne."

"Ki yi haƙuri, 'yata," in ji Kawu. "Cikin agogo ba wurin mai gane-gane ba ne. In na ɓata miki shi, ina zan samo wani?"

Ta tafi tana waiwaye.

Mai Aski ya leƙo da almakashi a hannu. "Ah, ga gwanin shekara! Tunda ka ci kofi ka daina sanin talakawa. Zo ka yi wa tsohon nan magana. In ya tafi, wa zan riƙa ci a wasa?"

"Yaushe ka taɓa ci na?" in ji Kawu.

"A mafarki, sau biyu."

Kawu ya yi 'yar dariya, ya jawo wa Auta kujera. Bai tambaye shi ina ya shiga ba. Ya buɗe aljihun teburi ya fito da wani tsohon littafin rubutu mai baƙin bango, an ɗaure shi da roba.

Auta ya san littafin. Duk wasan da Kawu ya buga da Buɗin Kunkuru cikin shekara talatin yana ciki, da ƙananan rubutunsa: inda ya yi daidai, inda ya yi wauta, abin da zai gwada gaba. Ko taɓa shi ba ya bari a yi.

"Riƙe," in ji Kawu. "Na san ku yanzu kwamfuta gare ku. Amma akwai abubuwa a nan da ba ta sani ba. Na rubuta wasanmu a shafin ƙarshe. Sojan nan da ka tura a motsi na tara, madalla da shi. Shekara talatin ba wanda ya yi mini shi a kan lokaci."

Auta ya buɗe shafin. A gefen motsi na tara, Kawu ya rubuta da jan biro: "A nan idona ya yaudare ni. Na kunyata yaron a gaban mutane. Allah Ya yafe mini."

Littafin ya yi masa nauyi kamar bulo. Ya ajiye shi a kan teburi.

"Kawu."

"Na'am."

"Na ɗaga dokin."

Almakashin Mai Aski ya tsaya cak a bakin ƙofa.

"Me ka ce?"

"Na ɗaga shi, Kawu. Na raba shi da allo. Na ga hasumiyata za ta tafi, na mayar. Abin da ka gani, haka ya faru. Idonka lafiyarsa ƙalau. Ni ne na yi ƙarya, na kuma jingina ta da idonka don na san nan ne kake tsoro."

Ya zame daga kujera ya durƙusa. Ya kasa ɗaga kai.

Agogo ɗaya ne ya rage a bango, na shagon. Shi kaɗai aka riƙa ji.

Can Kawu ya miƙa hannu cikin kwalin da ya tattara kayan aiki, ya lalubo madubin idonsa. Ya goge shi da gefen riga, ya maƙala. Ya kwance agogon hannunsa, ya buɗe bayansa, ya daɗe yana kallon ƙananan ƙafafun da ke juyawa a ciki.

"Ga su nan kuwa," ya ce a hankali, kamar da kansa yake. "Ɗai-ɗai. Ba wanda ya zama biyu."

Ya cire madubin. Idonsa ya kawo ruwa.

"Kwana ashirin, Auta. Kwana ashirin in na ga tsuntsu ya gilma sai in tambayi na kusa da ni ko shi ma ya gani. Na zauna ina lissafin ranar da zan daina ganin fuskar uwarka."

"Ka yafe mini, Kawu."

"Kofin gwangwani fa. Da ka ce mini kana so..." Ya tsaya, ya girgiza kai. "A'a, ba zan bar maka ba. Amma da ka sha kaye kamar kowa, ka dawo baɗi. Ni sau huɗu ina zuwa na biyu, ka ga na mutu?"

"Ni sau goma sha ɗaya ina zuwa na ƙarshe," in ji Mai Aski, muryarsa a sanyaye, "ga ni da ƙibata."

Ba wanda ya yi dariya, amma numfashi ya ɗan sauka.

"Tashi," Kawu ya ce. "Durƙuso ba ya gyara agogo. Na yafe maka, don in ban yafe ba uwarka ce za ta kwana da ciwon. Amma a gaban mutane na ba ka haƙuri. Ka san inda za ka mayar mini da shi."

Washegari da yamma ranar haɗuwar ƙungiya ce. Auta ya hau matakalar nan da kofin a cikin leda. Ya tsaya a gaban mutum kusan talatin, waɗanda suka tafa masa sati uku da suka wuce, ya faɗi komai. Bai rage ba, har maganar hasken taga.

Wasu suka sunkuyar da kai. Wani direba ya yi tsaki. Wata malamar asibiti da Auta ya ci a zagaye na uku ta ce, "To ni yanzu ina zan san abin da aka yi mini?" A wasanta Auta bai yi maguɗi ba, amma wa zai ce ta yarda da shi?

Alƙali ya buɗe kundin gasa, ya rufe. Ya ce an riga an sa hannu a sakamako, doka ba ta ba shi ikon mayar da wasan da aka gama ba. Abin da ƙungiya za ta iya shi ne ta kankare sunan Auta daga gindin kofi, ta dakatar da shi shekara ɗaya, ta kuma miƙa kofin ga na biyu.

"Ba na so," in ji Kawu. "Kofin da ban ci a kan allo ba, in kai shi gida in ce wa wa na ci? A bar gurbin bana babu suna. Abu ɗaya nake roƙo. Alƙali, ɗauko takardar wasanmu."

Aka ɗauko takardar da aka rubuta motsin ranar. Kawu ya jera 'ya'yan da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, har allon ya koma yadda yake kafin motsin baƙi na tara. Ya zauna a wurinsa, ya nuna wa Auta ɗaya kujerar. Mutane suka kewaye su.

Ya danna agogo.

"Kai ke da motsi."

Auta ya dubi sojan tsakiya, wanda ya san shi ne daidai. Sannan ya kai hannu ya ɗauki dokin, ya yi tsalle da shi.

Giwar Kawu ta taso daga lungunta, ta ratsa allon tun daga wannan kusurwa har waccan, ta ɗauke hasumiya.

Auta ya kai hannu zai kwantar da sarkinsa. Kawu ya ce, "A'a. Buga. Da haka ya kamata ka buga ranar."

Ya buga. Ya yi iya ƙoƙarinsa, har ya ba tsohon wahala a wuri biyu. A motsi na ashirin da shida aka ritsa sarkinsa. Da ya miƙa hannu, abin mamaki, sai ya ji ƙirjinsa ya yi sakayau, karon farko cikin sati uku.

Amma aiki bai ƙare ba. Ranar Litinin Kawu ya ba shi takarda mai sunayen mutum goma sha huɗu da ya mayar wa agogunansu ba gyara.

"Na gaya musu idona ya lalace. In na koma na ce ya warke cikin sati uku, za su ce tsoho ya fara ruɗewa. Kai za ka je ka gaya musu dalili."

Haka Auta ya riƙa bi gida-gida bayan tashi daga makaranta, yana maimaita labarin abin kunyarsa ga mutanen da ba su ma san yadda doki ke tafiya ba. Sha ɗaya suka ba shi agogunansu ya mayar. Biyu sun riga sun kai wani wuri. Matar nan mai agogon mahaifinta ta saurare shi har ƙarshe, ta ce ita da kanta za ta kai, ba ta hannunsa ba.

Bangon shago ya sake cika. Littafin mai baƙin bango ya koma aljihun teburi, bayan Kawu ya soke jan rubutun nan da layi ɗaya. Bai sake maganar ba da shi ba, Auta kuma bai tambaya ba.

Asabar ta zagayo, suka baje allo kamar da. Kawu na ta lallaɓa kunkurunsa, Mai Aski na tsokana daga bakin ƙofa. Suna tsakiyar wasa wani mutum ya shigo da agogon bango a hammata.

Kawu ya miƙe zai je wurinsa. Ya yi taku ɗaya, sai ya tsaya. Ya waiwayo ya dubi allon, ɗan kallo kaɗan, kamar mai ƙirga abin da ya bari. Sannan ya wuce.

Shekara ashirin bai taɓa yin wannan waiwayen ba. Wataƙila shi kansa bai san ya yi ba. Amma Auta ya gani. Ya janye hannayensa daga kan teburi, ya ɗora su a kan cinya, ya zauna haka har Kawu ya dawo.

Darasi: Ƙaryar da ka yi don ka tsira, wani ne ke ɗaukar nauyinta, kuma galibi wanda ya fi kowa yarda da kai ne. Kada ka kare kuskurenka da raunin wanda ya amince maka, har ya koma yana zargin kansa. In ka taɓa, ka motsa. Shan kaye na yini ɗaya ne, amma yarda in ta tsage, ko an yafe an ɗinke, tabon na nan. In akwai wanda kake bari yana ɗauke da laifin da naka ne, yau ka je ka sauke masa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, ba ku san wanda ke da kofi a ɓoye cikin kabad ba.